Kartar Dibakar da Gefen da Na Zana

Zuwa ga yayata Apa Sulochana, a Surat.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina taɓa ƙafafunki daga nan. Ina fatan kina lafiya ke da maigidanki, kuma ciwon gwiwar nan ya sake ki. Ubangijinmu Jagannath ya tsare ku, ya dawo mana da ku lafiya lokacin bikin jan kekensa mai zuwa. Mu nan ƙalau muke. Mahaifiyarmu Bou tana nan tana faɗa da kaji, mahaifinmu Bapa kuwa idon hagu ya ƙara dishewa, amma bakin yana nan yadda kika san shi. Matata Kuntala ta warke daga zazzaɓi, har ta koma dakan ƙwallon tsamiyar da muke manna yadin karta da shi.

Apa, akwai maganar da ke damuna, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke. Bayan damina wata mata mai suna Ornella ta zo ƙauyenmu daga Italiya tana neman mai zanen karta. Gabana ta fara tsayawa. Na shimfiɗa mata ganjapa ɗinmu, kartar gargajiya zagayayyu, irin waɗanda kakanmu ya koya wa Bapa. Ta yaba, sannan ta fito da wata karta mai kusurwa huɗu, wai tarot, guda saba'in da takwas. Ta ce a can ma da hannu aka fara zana su, manyan gari ke wasa da su, daga baya masu duba suka ɗauka. Tana so a zana mata su da hannunmu da launinmu. Na ce mata mu gidan nan alloli muke zanawa, ba mutumin da aka rataye ta ƙafa irin na cikin kartarta ba. Ta yi godiya, ta taka zuwa barandar ƙaninmu Dibakar. Kin san shi, ko jaki aka ce ya zana da rawani sai ya ce a kawo.

To, ya zana, kuma zan faɗa miki gaskiya don ba na so ki ji daga bakin wani. Kartar Mutuwa ya mai da ita Yama, allan mutuwa, a kan ɓauna, ko da yake ƙafafun ɓaunar kamar na akuya suke. Kartar Keke ya yi ta da igiyoyi da jama'a suna ja, kamar a bikin Jagannath a garin Puri. Akwai ta Wawa, saurayi da ƙunshinsa a sanda zai taka bakin rami, kare na jan zanensa. Matar ta ce ma'anarta fara tafiya ba tare da tsoro ba, ni kuwa na ce ma'anarta Dibakar. Amma ta Wata, Apa. Ya yi wata a kan tafkin bayan gidanmu, da karnuka biyu da ƙaguwa tana fitowa daga ruwa. Na je aron alli na gan ta an shanya ta, na tsaya a kanta har Kuntala ta aiko a kira ni cin abinci. Na koma gida shinkafar ta ƙi shiga. Ni na koya wa yaron nan riƙe burushi, ni na riƙa dukan hannunsa idan layi ya karkace.

Da lokacin kai aiki ya matso ya ga ba zai gama ba, sai ya zo yana sosa ƙeya, yana yayana Bhaina kaza, Bhaina kaza, wai in taimaka masa da furannin gefe. Gefe fa, aikin da muke ba masu koyo. Na ce ya je ya nemi ɓaunarsa ta zana masa. Bapa ya ji, ya kira ni ya ce sunan gida ɗaya ne, idan aikin ya makara ba za a ce Dibakar ba, za a ce 'ya'yan Banamali, wato 'ya'yansa. Na zauna na zana. Ban yi ha'inci ba, na yi gefen da ban taɓa yin irinsa ba, don ina so Ornella ta gani ta tambaya. Ta gani kuwa, ta shafa furannin ta ce da Dibakar hannunsa na zinariya ne. Ya buɗe baki ya ce ai gefen na yayansa ne, ta juyo ta yi mini murmushi kamar yadda ake yi wa mai kawo shayi, ta ci gaba da kallon Wata. Da ya yi shiru ma da ya fi mini, da na sami abin da zan riƙe shi da shi.

Yanzu an ce za a buga kartar a birnin Milan na Italiya da sunansa. Bapa ya sa an ɗauko burushin gashin ɓera na kakanmu, wanda ya hana kowa taɓawa, ya damƙa masa a gaban jama'a. Na yi murmushi har kumatuna suka yi ciwo. Wannan duk zan iya haɗiyewa. Abin da ya gagare ni shi ne Jhunu. 'Yata da nake ta lallashi ta zauna ta koyi ganjapa tana cewa aikin tsofaffi ne, shekaranjiya ta naɗe tabarmarta ta koma barandar kawunta, wai zai nuna mata yadda ake zana kartar Tauraruwa. Ina jin dariyarsu daga inda nake zaune. Kuntala ta ce in daina leƙe, wuyana zai ƙage.

Ga abin da nake roƙo. Ki sa ɗanki Tukuna ya duba shagunan littattafai na wajenku, na ji ana sayar da kartar nan bugaggiya da ɗan littafin ma'anoninta. Ya aiko mini ta hannun Bhagaban direba, ba ta gidan waya ba, don mai rabon wasiƙa a barandar Dibakar yake shan shayi. Na riga na manna yadi, na goge shi da dutse, na yanka murabba'i na ɓoye a ƙarƙashin buhun shinkafa. Da ɓauna zan fara.

Ki gaishe da maigidanki, da Tukuna da matarsa Minati da jaririyar. Bou ta ce ki rage gishiri. Kuntala tana gaishe ki. Idan kin kira Bapa ya fara maganar Milan, ki tambaye shi ko wa ya yi gefen.

Ƙaninki mai biyayya,
Gadadhar