Mutumin da Mma Ke Nema

Zuwa ga Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta wadda aka bari a baya, ina sanar da ke yau wata huɗu da kwana goma da rasuwarki. Da shari'a ta san da zamana, da yau zan fita takaba.

Ba wanda ya sa ni. Na ajiye turare da kwalli, zane biyu nake juyawa. Masu zuwa kallon wasanninmu sun ɗauka sabon aiki nake shiryawa, har wata Baturiya ta tambaye ni ranar buɗewa.

Kin tuna farin ƙyallen nan? Mun shanya shi a tagarmu mai kallon titin Old Kent Road a Landan, sati uku motocin bas suna busa masa hayaƙi. Ranar wasa muka ɗaura shi, muka shiga baho ɗaya mu biyu mata, kika wanke ni na wanke ki a gaban jama'a, ruwan ya koma kamar an wanke gindin tukunya. Kika ɗebo a kofi kina miƙa wa 'yan kallo. Ba wanda ya karɓa. Kika ce, "To, ni kullum da hanci nake shan shi." Aka yi ta tafi, ni kuwa ina lalubo miki maganin shaƙa na asma a jaka.

Na ce ƙyallen ya cika kama da likkafani, kika ce bakina ya sari ɗanyen kashi. Na ce mu tashi daga bakin titin, kika ce wanda ya gudu ba ya ba da shaida. Ban matsa ba, domin wasan yana karɓuwa kuma ina jin daɗin tafin. Wannan yana cina har yau.

Hausarki ta zangon Kumasi ba ta san mace ba. Kowa "shi" ne, har akuya mai ciki. Shekara shida kina ce min "kai", ni 'yar Kano ina gyara ki, ina tsokanarki. Ashe a bayan wannan kuskuren muka fake. A waya kina gaya wa mahaifiyarki Mma kin samu wani, ɗan Kano ne, ya iya miyar kuka, shi ke raka ki asibiti. Ba ki taɓa yi mata ƙarya ba. Ita ce ta sa masa gemu da hula.

A zaman makoki, gidan yayanki a Woolwich, aka ce ni ƙawarki ce, tare muke haya. Na shige kicin na kama wanke-wanke. A asibiti an gaya wa yayanki cewa wanda kike tare da shi yana gefenki sanda rai ya yi halinsa, don haka kowa sai duban ƙofa yake yi. Mata suka yi ta tsine wa mutumin da ya ƙi zuwa gaisuwa.

Mma, wadda ta zo daga Kumasi, ta same ni a kicin, ta riƙe hannuna da kumfa da komai. Ta ce, "Kai ka san shi. Ba zan zage shi ba. Ya gaya min kawai, ɗana ya yi shahada?" Na ce wataƙila kunya ce ta hana shi zuwa. Ramatu, da bakina na faɗi haka, ina kallon tsohuwa tana kuka.

Ta koma Kumasi, amma duk Juma'a sai ta turo min saƙon murya, ko an ji ɗuriyarsa. Ta ce abinci ba ya wuce mata.

Shi ya sa na sa wasiƙar nan a shafina na intanet. Matar yayanki tana bibiyata, ƙannena na Kano ma haka. Kafin la'asar za a karanta wa Mma, kuma na san akwai lambobin da ba za su ƙara ɗaukar kirana ba. Tsoro nake ji sosai. Amma za ta ji cewa kin yi kalmar shahada sau biyu, ta biyun da ƙyar, kanki a kan cinyata, ni na laƙƙana miki.

Allah Ya jiƙan ki, masoyiyata, Ya yalwata miki kabari, Ya ba ki iska mai tsabta ki shaƙa har ƙasan ƙirji. Allah Ya sanyaya zuciyar Mma, ko da ba za ta sake kirana ba.

Taki har mu haɗu,
Hadiza, shi ɗin.