Kada Ki Tada Motar Baba

Auta,

Na fita kina barci. Gaskiyarki, motar Baba tana ja gefe. Da safen nan na zagaya da ita. Ina taka birki ƙafata ta nutse har ƙasa, sitiyari ya fizge ni hagu. Ki duƙa ki dubi tayar gaba ta dama. Jiƙewar da Baba ke cewa fitsarin karen maƙwabta ne, man birki ne ke zuba.

Na san zai ce, "Motar nan ta girme ku, ta san hanyar asibiti da kanta." Ki lallaɓa shi ku hau tasi zuwa wajen likitansa yau. Bakanike na nan tafe.

Ki ba shi haƙuri, mukulli yana aljihuna, har da wanda yake ɓoyewa cikin hularsa.

Yayanki