Ina Zargin Mai Jinyar Babanmu Shi Ne Ya Kaɗe Shi Da Keke

Gwaggo mai shawara, ina gaisuwa. Don girman Allah ki taimaka mini, kuma kada ki sa wasiƙar nan a layi, domin abin da nake tsoro yana iya faruwa kowace safiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban yi nisa a makaranta ba.

Ni ɗan keke ne. Wani kantin magani nake yi wa aiki, ina kai wa mutane saƙo gida-gida da akwati a bayan keke. Da aka sa dokar kulle sai aka ba mu takardar izini, tunda ciwo bai san kulle ba. Amma babban titi an tare shi da durom da katako, ko da takarda a hannunka sai an tsayar da kai an juya ta an karanta har bayanta. Shi ya sa kowa ya koma wata 'yar hanya da ke bayan unguwarmu, katangar masana'anta a dama, babban lambatu a hagu. Idan mutum biyu suka jera, na uku sai ya karkace. Da safe, lokacin da ake sakin mutane su sayo abinci, nan kowa ke bi: mata da kwanduna, masu tura ruwa, tsofaffi, har da waɗanda zaman gida ya ishe su suka sayi sabon keke, ko juya kansa ba su iya ba. Mu kuma muna tsakiya, waya na ta ƙara a aljihu wai mai asma numfashi na gagararsa.

Akwai ƙa'idar da aka koya mana tun farkon shigarmu aikin nan. Mai tafiya a ƙasa gaba yake yi, saboda haka ta bayansa ake wucewa, ba ta gabansa ba. Kuma ba a buga masa ƙararrawa a kusa, don in ya firgita ba ka san inda zai yi tsalle ba. Ka wuce shiru, kafin ya waiwayo ka yi nisa. Shekaru muna haka ban taɓa ko hular wani ba. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne annobar nan ta canza tafiyar mutane. Yanzu mutum yana tsaye sai ka ga ya ja da baya ba zato, don wani ya matso shi ko ya yi tari.

Babanmu tela ne, an rufe shagonsa, yana da ciwon suga, likita ya ce ya riƙa taka ƙasa kowace safiya. Ni na riƙa yi masa naci cewa duk wanda ya miƙo masa hannu ya ja baya, ya gaisa da baki. Har tsokanata yake wai na zama likitan da ba shi da allura. Ranar da abin ya faru ya haɗu da tsohon abokinsa mai aski a daidai inda hanyar ta fi matsewa. Mai aski ya manta ya miƙo hannu. Baba ya ja da baya kamar yadda na koya masa. A daidai lokacin wani ɗan keke yana wucewa ta bayansa shiru kamar yadda aka koya mana.

Keken ya kaɗe Baba, ƙashin ƙugunsa ya karye. Asibiti sun ɗaura abin da za su iya suka ce mu koma gida, gadaje na masu annoba ne, aikin sai an sassauta. Yau mutumin da ba ya yarda a ɗinka masa ko maɓalli, a kwance ake yi masa komai. Mai aski bai ga komai ba sai akwati da takunkumi, kuma duk haka muke. Baba ya ce shi dai abin da ya sani, mai keken ya sauka, ya tura masa hularsa ƙarƙashin kai yana ta cewa sannu Baba, sai mutane suka taso da duwatsu, ya hau ya gudu.

Gwaggo, ina jin na san ko wane ne. Abokin aikina ne, tare muke cin abinci a kwano ɗaya. Muna kiransa Birki, don shi ne abin da ya fi tsana a jikin keke. Ba mugu ba ne, gwani ne ma, sauri ne kawai ya yi masa yawa. Ranar ya dawo kanti yana tura keke, ya ce rami ya faɗa. Ni na sha gyara taya. Tayar da ta faɗa rami lotsawa take yi ciki, tasa kuwa murɗewa ta yi gefe. Ban kawo komai a raina ba, don a lokacin ban ma san me ya sami Baba ba. Daga ranar bai ƙara bin hanyar nan ba, ya gwammace ya sha tambaya a shinge. Abin da ya tsaya mini shi ne zuwansa na farko dubiya. Muna son gyara wa Baba kwanciya, yana lulluɓe da zane, sai Birki ya zagaya ya kama shi ta dama, ya ce mini in yi hankali da hagun. Ban gaya masa wane ɓari ba ne. Na tambayi kowa a gida da dabara, babu wanda ya gaya masa.

Tun daga nan kullum sai ya zo. Shi ke ɗaga Baba a yi masa wanka, shi ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, shi ke fitar da fo, abin da ni ɗan cikinsa sai na daure. Ba ya kallon fuskarsa, ƙafafunsa yake kallo. Ya rame, wandonsa da igiya yake ɗaure shi yanzu. Mama tana idar da salla za ta sa wa Birki albarka, a numfashi guda ta haɗa wanda ya kaɗe mijinta da Allah, shi kuma yana durƙushe yana cewa amin duka biyun. Baba kuwa kwanan nan in Birki ya ce masa sannu Baba, sai ya yi shiru ya daɗe yana kallon rufi kafin ya amsa.

Da iya nan ne da na ci gaba da zura ido, ni mai haƙuri ne. Matsalar Yayana ce. Direban bas ne, kulle ya ajiye shi, ba aiki sai huci. Ba ya iya minti biyar a ɗakin Baba, yana leƙowa zai juya. Ya rantse sai ya karya ƙafar wanda ya yi wannan aiki. Kowace safiya yana zuwa bakin hanyar da gora ya zauna kan kwalbati yana kallon masu keke ɗaya bayan ɗaya. Makon jiya wani dattijo mai kai burodi ya gifta kusa da wata mata, Yaya ya zura masa gorar cikin taya. Mutumin ya kifa, haƙoransa na gaba suka zube, burodin ya watse cikin lambatu. Mutane suka yi ta cewa maganinsu ke nan. Ni na miƙe wa dattijon tayar, bai san ni ƙanin wanda ya yi masa haka ba ne. Da na yi wa Yaya magana sai ya ce dama mu 'yan keke bakinmu ɗaya, in na ƙara zai fara da nawa keken. Amma Birki ƙanin kirki yake ce masa. Shekaranjiya har ya dafa kafaɗarsa ya ce ya sa masa kunne a cikin 'yan uwansa masu akwati, in ya ji labari ya kawo masa.

To ina zan sa kaina? In na yi magana, Yaya zai nakasa Birki, ƙila ya kashe shi, shi ma ya ƙare a ɗaure, Baba kuma ya rasa hannun da ya fi iya ɗaga shi. In na yi shiru, gorar nan tana can tana jiran wani bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kuma in na yi kuskure fa, ba shi ba ne? Ko Birkin ban tambaya ba, muna cin abinci ina kallon hannunsa kawai. Ki gaya mini ta inda zan fara.

Naki,
Ɗan keken da ya ga abin da bai so gani ba

*

Ɗana,

Allah ya ba mahaifinku lafiya. Ka tambayi ta inda za ka fara, to ka fara da gorar, yau ɗin nan. Ita ba ta jiran a gano mai laifi. Ko Birki ne ko ba shi ba ne, abin da yayanka yake yi zalunci ne, kuma ya riga ya zubar da jinin wanda bai yi masa komai ba. Kai ba zai ji maganarka ba, amma zai ji ta wanda yake cewa dominsa yake yi. Ka gaya wa mahaifinku labarin mai burodi yadda ka gaya mini, har haƙoran. Ya kira ɗansa ya hana shi da bakinsa, ya kuma tura shi ya nemi dattijon nan ya ɗauki nauyin maganinsa. Ban ga alamar tsohon da ka kwatanta zai yarda a riƙa kifar da mutane da sunansa ba.

Sannan Birki. Idonka yana da kyau, amma abin da ke hannunka zargi ne mai ƙarfi, ba shaida ba. Kada ka kai shi gida kafin ka kai wa mai shi. Ka same shi ku biyu, nesa da gidanku da kanti, ka faɗa masa abin da ka gani, tayar da kuma ɓarin hagu, sai ka yi shiru ka bar shi. Mutumin da ya rame haka ina jin jira yake a tambaye shi.

In ya amsa, ka auna shi da adalci. Bai yi da gangan ba, ya sauka, kuma wanda ya ga duwatsu sun taso ya gudu ba zan kira shi azzalumi ba. Jinyar da yake yi ma ba ƙaramin abu ba ce. Amma ba ta zama madadin gaskiya. Yana karɓar albarkar mahaifiyarku a kan abin da ba ta sani ba, yana kallo ana dukan wasu a maimakonsa. Wannan ɓangaren zaɓinsa ne, ba tsautsayi ba, kuma kullum ƙaruwa yake.

Mai haƙƙi a nan mahaifinku ne, ba yayanka ba, ba kai ba. Birki ya durƙusa ya gaya masa da bakinsa, kana wurin, a lokacin da yayanku ba ya gida. Shirun da ka ce tsohon yana yi, ba mamaki kunnensa ya riga idonka, yana jira ne ya ga ko yaron zai faɗa. Ko ya sani ko bai sani ba, shi zai yafe ko ya ƙi, shi kuma zai yanke yadda za a sanar da sauran. In za a gaya wa yayanka, daga bakin uba zai ji, da wani babba da yake jin nauyinsa a zaune, Birki kuma ba ya kusa. In Birki ya ƙi zuwa, ka ba shi 'yan kwanaki, ka sanar da shi cewa bayan nan za ka gaya wa mahaifinka abin da ka gani, ba ƙari ba ragi. In kuwa ya musa har ka gamsu, ka ba shi haƙuri ka rufe bakinka.

Kada ka ɗora wa kanka laifin ja da bayan. Shawarar daidai ce ga mai ciwon suga a wannan lokaci. Ƙa'idarku ce ta tsufa, kuma kai da ka gano haka wajibi ne ka gaya wa abokan aikinka kafin ta kwantar da wani. Ku buga ƙararrawa tun daga nesa, ku rage gudu, inda hanya ta matse ku sauka ku tura. Na san ana jiran magani, amma wanda ya kaɗe mutum a hanya ai bai kai saƙon ba. Masu tafiya a ƙasa da ke karanta wannan fili, ku ma ku kama gefe guda, ku daina tsayawa gaisuwa a tsakiyar hanya, ku waiwaya kafin ku ja baya.

Game da tsoronka na rasa mai ɗaga Baba, akwai ƙato a gidanku da ba shi da aikin yi. Ina jin yayanka ya fi iya kallon masu keke a kan ya kalli ubansa a kwance, shi ya sa ya zaɓi kwalbati. Lokacin da yake zama a can shi ne lokacin wankan tsohon. Ku sa mahaifinku ya ce shi yake so ya ɗaga shi gobe. Zai yi masa wuya, wataƙila ya yi kuka, ku bar shi ya yi, kada kowa ya karɓe shi.

Ba zan yi maka alkawarin abotarku da Birki za ta tsira ba, ko gidanku zai koma yadda yake. Abin da nake fata shi ne kada a ƙara kwantar da kowa. Allah ya tashi kafaɗun mahaifinku, ya sanyaya zuciyar yayanka, kai kuma ya tsare ka a hanya.

Gwaggo