Kifayen Ama da Tafkina

Litinin, 5 ga Yuni
Ruwan sama ya zauna. Gohoro, kadangarun ruwan da nake gadi, sun gangaro tafkin bayan gonar shayi, ƙwai jingim a jikin ciyawa. Duk tsaunin nan tafkin da suke haihuwa ke nan da ya rage. Da na ji daɗi, amma Apa, mahaifina, numfashi yana yi masa wuya.

Laraba, 7 ga Yuni
Ama, mahaifiyata, ta je wurin lama, malamin addininmu na Buddha. Wai a sayi kifi mai rai a hannun mahauta a sake shi, ladan ya ja wa Apa kwana. Kafin in dawo daga tafki, yayana Norden ya shigo da bokiti biyu na kifi. Gabana ya faɗi. In kifi ɗaya ya shiga tafkin nan, ƙwan sun zama abincinsa.

Alhamis, 8 ga Yuni
Na ce a kai su kogi. Aka ce ƙasa ta zabtare ta toshe hanya, ga masunta a can, sai dai tafkina. Ama ta ce, “Auta, kadangare ne ya haife ki?” Na ce, “Ama, ceton rai ake nema, wannan kuwa kisa ne.” Norden ya ce ai ni uwar ƙwai ce, a ƙyale ni. Na ji haushi ƙwarai. Na kulle ƙofar shingen tafkin da kwaɗo, makulli a wuyana.

Asabar, 10 ga Yuni
Kifi uku sun mutu a bokiti. Ama ta daina yi mini magana.

Lahadi, 11 ga Yuni
Apa ya kama hannuna, da ƙyar ya ce, “Kar ki kula su, yi aikinki.” Da ma zagina ya yi. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Talata, 13 ga Yuni
Jiya da yamma na duba ƙwan, na fito, ban kulle ba. Mantuwa ce, ina jin. Yau bokitai a kife bayan ɗaki, Ama ta zuba mini shayi ba ta kalle ni ba. Apa ya sha romo kaɗan.

Da na je tafki, na ga bayan kifi yana yanka ruwa wajen ciyawar. Ragar kamu tana rataye a shinge. Na daɗe a tsaye, sannan na dawo gida in ga ko Apa zai ƙara shan romon.