Abin da Baba Bai Taɓa Faɗa Mini Ba

Daren Juma'a, Wukari

Yau na sha kunya a gidan Dakta, abokin maigidana. Matarsa ta ji ni 'yar bakin iyaka ce, ta ce, "Amarya, me ya sa aka ɗauke hedikwatar ƙaramar hukumarku daga garinku?" Ban sani ba, sai na ƙaga labari irin na littattafaina na soyayya, wai hakimai biyu ne suka yi rigima kan budurwa. Kowa ya yi dariya, ban da maigidana.

A mota ya ce, "Babanki ne fa ya jagoranci masu roƙon a bar ta. Har tsare shi aka yi."

Wahalar Baba na mayar abin dariya. Gobe zan kira shi, amma ba ta bidiyo ba, don ba zan iya haɗa ido da shi ba.