Makin da Mama Ta Ba Ni

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Allah Ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ki ce ko wayar ce ta lalace. Lafiyarta ƙalau. A waya da kin ce ya jikin Mama sai in ce da sauƙi, shi ke nan magana ta mutu.

Yayanmu Injiniya ya zo ranar Lahadi. Ya ce ya gyara ɗakin ƙasa a gidansa, ya samo mai jinya, yana son ɗauke Mama a ƙarshen wata. Wai shekara shidan da na yi ina jinyar ta ta isa, amma sai da yardata. Yaya, yana faɗa na ji wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa, kuma na ji kamar in kwaɗa masa almakashin da ke hannuna. Duk a numfashi ɗaya.

Kin san Mama ta rikice, amma ba ki san yadda muke wuni ba. Ƙarfe bakwai take rataya jaka, wai aji na jiran ta, makarantar da ta bari shekara goma sha takwas. Sau biyu ana dawo min da ita daga bakin titi. Shi ne na sayo littattafan rubutu na ƴan makaranta dozin biyu, nake cika su da insha'i kamar na ɗalibai, wasu ma da hannun hagu don rubutun ya bambanta. In tara mata a tebur tare da jan biro, ta zauna tana maki har azahar, ni kuma in samu in taka keken ɗinkina. Ba ta gane ni yanzu, ni ce mai kawo littattafai. Amma hannun nan nata bai manta rowa ba! Har yau ba ta taɓa ba ni sama da biyar cikin goma ba, daidai da lokacin da nake ajinta na adabi.

Likitanta ya tura ni wajen wata mai ba da shawara, a ɗan ɗakin ƙarshen baranda, kujera biyu da fanka mai ƙara. Ta ba ni takarda mai akwatin eh da na a'a. Da na zo kan ko ina son ci gaba da jinyar, na cika duka biyun. Na ɗauka za ta ce na ɓata mata takarda. Sai ta ce yawancin waɗanda suka zauna a kujerar nan haka suke son yi, kunya ce ke hana su. Ta ce in riƙa rubuta abin da ke raina, ba don kowa ya karanta ba.

Ki gai da yara. Ki saka ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan kowa lafiya. Na gode da saƙonki, amma don Allah ki daina ce min jaruma, kalmar tana min nauyi.

Na yi aika-aika. Rubutun da mai shawara ta sa ni, a cikin ɗaya daga littattafan ɗaliban ƙaryar nan na yi shi, tunda su ne a kusa. Bangonsu duk iri ɗaya. Ranar Talata ina sauri wata ta zo karɓar riga, na kwashe su gaba ɗaya na ajiye wa Mama. Ban farga ba sai da na zo tattarawa.

Bari in faɗa miki abin da ke ciki, tunda mai gaba ɗaya ta riga ta karanta. Na rubuta cewa ina son ƙamshin wuyanta in ina taje mata kai. Na rubuta cewa shekarata arba'in da huɗu, ƙawaye sun gaji da gayyatata sun daina, in ba mai kawo ɗinki ba babu mai buga min ƙofa. Na rubuta cewa ba ta taɓa ce min sannu da ƙoƙari ba, ko lokacin da take da hankalinta. Sannan na rubuta abin da ya fi muni. Wata safiya ta makara ba ta tashi ba, na tsaya a bakin ƙofarta na tsawon minti biyar ban shiga ba, kuma wallahi ban san wanne nake roƙon Allah ba.

Shafi huɗu, ta bi shi layi layi. A ƙasa ta sa tara cikin goma, ta zagaye. Ga abin da ta rubuta, na kwafo miki yadda yake:

"Wannan ɗalibar ta daina rubuta abin da take zaton malama na son ji. Mutumin labari na gaske ba ya zama da zuciya ɗaya. Sai dai ba a ce mana ko uwar ta san ƴarta ta gaji ba. In ta sani, ba za ta yarda ba. Ki same ni bayan an tashi."

Na je na same ta, Yaya. Na tsaya a gabanta da littafin kamar ƴar aji ɗaya. Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta tambaye ni ko abinci ya sauka.

Na kai wa mai shawara littafin. Na so ta yanke min hukunci in huta, ta ƙi. Ta ce ko na riƙe Mama ko na sake ta, sai na yi nadama, in duba wadda zan iya ɗauka. Na fito ina jin haushinta, alhali na san gaskiya ta faɗa. Jiya na kira Injiniya na ce ya zo.

Ki gai da maigidan.

Taki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gai da mutanen gida. Ina fatan ƙafar ta warware.

Sun tafi da ita ranar Asabar. Na haɗa mata kaya akwati biyu, na koya wa mai jinyar yadda ake niƙa mata ƙwaya a cokali, da cewa ba ta son a taɓa ta daga baya. Matar tana ta ce min to, to, ni kuma ina ta neman laifinta, ban samu ba. Mama ta shiga mota da fara'arta, a zatonta sauyin makaranta aka yi mata. Ba ta waiwayo ba.

Gidan ya yi min girma. Ina barci kamar wadda aka yi wa duka, ina ɗinka riga uku a wuni, na ma je kasuwa na daɗe ba tare da duba agogo ba. Daɗi nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Kuma ko ƙofar ɗakinta ban iya buɗewa ba har yau.

Kwana huɗu na yi ina ajiye waya a kan keke, ina jiran Injiniya ya kira ya ce ta ƙi cin abinci, ta ƙi kowa, in zo. Har kalaman da zan gasa masa na tanada. Ɗazu ya kira, muryarsa fes. Ya ce tana ci, tana barci, ta saba da mai jinyar, har dariya suke yi. Ya ce in kwantar da hankalina, ko sau ɗaya ba ta nemi kowa ba.

Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa. Sannan na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye na yi kukan da ban yi ba a shekara shida. Kada ki tambaye ni na murna ne ko na baƙin ciki. Na duba, ban ga inda ɗaya ya ƙare ɗayan ya fara ba.

In kin samu hali ki zo, ko na kwana biyu ne. Akwai wuri.

Ƙanwarki mai kewar ki,
Auta