Bidiyon da Ya Ramar da Hamidu

Litinin, 3 ga Yuli
Hamidu, ɗan Yaya Kulu da ke sayar da albasa a Fatakwal, ya turo min bidiyo in kai wa uwarsa Burumburum. Shekara biyu rabonta da shi. Wayarta ƙarama ce mai madannai, na zuba a memori ta ƙi buɗewa. Matata Kaltume ta ce, "Malam, ka kai wa Mainasara mana." Mainasara! Ajinmu ɗaya a firamare, sau biyu yana maimaita aji huɗu. Yanzu ya kafa rumfar caji da turin waƙoƙi da bidiyo a bakin tashar Tudun Wada, har ana ce masa Injiniya.

Laraba, 5 ga Yuli
Ashe abin ba komai ba ne. Wayar Yaya ba ta cin MP4, sai 3GP. Na sauke manhaja na juya da kaina, na sa hoton ya cika allon taf. Minti goma. A kan wannan ake ba mutum Injiniya.

Alhamis, 6 ga Yuli
Na kai. Ya buɗe. Yaya ta kalla har sau uku.

Asabar, 8 ga Yuli
Ba ta cin abinci. Wai yaron nan ya rame, ciwo yake ɓoye mata. Na karɓa na duba: faffaɗan hoto na matse cikin siririn allo, Hamidu ya fito kamar tabarya da hula. Na nuna mata na asali a wayata, ga kumatu nan. Ta ce, "Taka ta 'yan boko ce, gyara mutum take yi. Tawa ba ta san ƙarya ba." Ta ɗaure kaya. Fatakwal za ta, da ciwon ƙafarta, ita da ko Zariya ba ta taɓa wucewa ba.

Lahadi, 9 ga Yuli
Mun kira Hamidu ya rantse lafiyarsa ƙalau. Ta ce haka marigayi ubansa ya rantse.

Talata, 11 ga Yuli
Yaya ta iso tashar Tudun Wada da ƙunshinta. Ba yadda na iya, na ja ta rumfar.

"A'a, Farfesa da kansa," in ji Mainasara.

Ya saurari bayanina yana sakace. Bai taɓa bidiyon Hamidu ba tukuna. Ni ya tsayar, ya ɗauke ni bidiyo da tumbina, ya juya yadda na juya, ya zuba a wayarta.

"Yaya, duba ƙaninki. Ga shi nan tsaye, ga shi a waya."

Na fito kamar karan dawa. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta yi dariya har da riƙe benci. 'Yan caji ma sun samu abin kallo. Sannan ya sake juya na Hamidu, ya bar baƙi sama da ƙasa, hoton ya ƙanƙance amma mutum ya koma mutum. Ya ƙara sauti, wai ya lura tana karkato kunne. Ni ban lura ba.

Ta sayi ƙosai ta ci a nan, ta hau motar gida.

Na ga "memory" da kuskure yake rubuce a allon rumfarsa. Na ɗauko biro zan nuna masa, sai na mayar aljihu. Na zauna har la'asar. Inuwar wurin ba laifi.